Kogin da Ke Ƙarƙashin Tekun Natuna

Shekara ashirin da shida ina tuƙa jirgi a tekun da ke gabas da tsibirinmu, Bunguran, a yankin Natuna. Da wani ya tare ni kafin watan Afrilun da zan ba da labarinsa ya ce, Bahrum, mene ne a ƙasan ruwan nan, da na ce masa laka ce, sai 'yan duwatsun murjani nan da can, in wuce abina. Iyakar sanina ke nan, kuma ina ganin ya ishe ni.

A shekarar, da iskar arewa ta kwanta teku ta yi luf, ofishin kula da kamun kifi ya aiko mana da baƙi biyu daga wata jami'a a tsibirin Jawa. Aikinsu shi ne su zana taswirar ƙasan teku, a san ina yashi yake, ina laka, ina tsakuwa, ina murjani, domin a ware inda za a bar manyan jirage masu jan koma su shiga da inda za a hana su. Jirgina suka ɗauka na kwana goma sha biyu.

Shugabar aikin ita ce Bu Ningrum, 'yar siririyar mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, ba ta cika magana ba, kullum da malfa a kan ɗankwalinta. Bu a wurinmu laƙabin girmama mace ne, kamar yadda Pak yake ga namiji. Mai kula da na'ura kuwa Parlin ne, mutumin birnin Medan, ƙato, wanda ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Shi ya ɗaura wata doguwar sandar ƙarfe a gefen jirgina, a ƙarshenta akwai wani abu kamar ƙaramar tukunya a kife, nutse cikin ruwa, waya ta taso daga nan zuwa kwamfuta a ɗakin tuƙi.

Na ce, "Wannan ai muna da irinta, ta neman kifi."

Ya ce, "Bang," wato yaya ke nan, "taku zurfi kawai take faɗa muku. Ka taɓa yin ihu a bakin kogo?"

"Na taɓa."

"To ita ma ihu take yi wa ƙasan teku, ta kasa kunne. Laka haɗiye murya take yi. Dutse kuwa ya maido maka da ita har da ƙari. In ƙasan sumul ne amsar gajera ce, in mai gargada ne sai ta zo tana jan wutsiya. Daga nan kwamfuta ta shafa wa kowane launinsa. Laka shuɗi, yashi rawaya, murjani ja. Kai dai ka tuƙa a miƙe, kar ka yi mini rawa."

Muna shirin kwance igiya sai ga surukina, Tok Deraman, mahaifin matata Maznah, yana tahowa a kan gadar katako da ƙullin igiya a kafaɗa. Shekararsa saba'in da shida, ya daina fita kamun kifi tun da gwiwa ta fara damunsa. Kowa Tok yake ce masa, wato kaka, ni kuwa Ayah nake kiransa, wato baba, kamar yadda 'yarsa take yi.

Na ce, "Ayah, ina zuwa?"

Ya ce, "Inda jirgi za shi."

Bai jira izinin kowa ba ya sauko ya zauna a gaba. A bakin igiyar tasa akwai dalma mai tsawon taƙi guda, gindinta da rami, ya cusa sabulu a ramin. Da ita ya yi shekara hamsin yana sanin ƙasan teku: ya jefa, ta taɓa ƙasa, ya jawo, ya duba abin da ya manne a sabulun. Bu Ningrum ta dubi dalmar, ta dube shi, ta matsar masa da kujerar roba zuwa inuwa.

Aikin ba shi da daɗi, gaskiya. Ka miƙa layi guda na tsawon awa biyu a tafiyar hawainiya, ka juyo, ka matsa mita ɗari biyu, ka sake miƙa wani, kamar mai huɗar gona. Lokaci lokaci sai Bu Ningrum ta ce a tsaya, mu saki wani ƙarfe mai muƙamuƙi biyu ya ciro mana ƙasar, a gani ko na'ura gaskiya ta faɗa. Bakin kada muka sa masa suna. Duk tsayawar da muka yi, kafin bakin kada ya kai ƙasa Tok ya riga ya jefa dalmarsa ya jawo. Ya duba, ya sansana, wani lokacin har ya ɗan taɓa da harshe.

"Yashi ne, da ɓarɓashin kwanson kawa."

Parlin ya leƙa kwamfuta. "Yashi. Daidai."

"Kwanson fa?"

"Ba ta faɗi wannan ba, Tok."

"To ka ce mata ta ƙara karatu."

Parlin ba ya jure teku. Kwana ukun farko rabin yininsa a gefen jirgi ya yi shi, kansa a sunkuye. Tok kan jira sai ya ɗago fuska jage-jage sannan ya ce, "Sannu da ƙoƙari, yau ma ka ciyar mana da kifi?" Parlin ya ce in ya koma Medan ko wanka da bokiti ya daina. Amma da ya zauna gaban kwamfuta ba wasa, ko ƙiftawar da ba ta yi masa ba sai ya bi ta ya gano dalilinta.

A rana ta shida mun yi nisa sosai, har Dutsen Ranai, babban dutsen tsibirinmu, ya koma kamar tulin shinkafa a bayanmu. Zurfi mita hamsin da takwas, tun safe kuma kwamfuta shuɗi take zubawa, laka, laka, laka, har barci ya fara fizgata a kan sitiyari. Can wajen ƙarfe goma sai Parlin ya buga tebur.

"Bang, ka ƙara wuta ne?"

"Ban taɓa komai ba."

"To mene ne wannan?"

Na leƙa. A tsakiyar shuɗin nan wani ɗan guntu ya fito fari fat, kuma a daidai nan zurfin ya faɗa zuwa sittin da biyar, ya sake hawowa. Fari, in ji Parlin, shi ne abin da na'ura ta ji amma ba ta san sunansa ba. Ya fita ya girgiza sandar, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya dawo yana gunaguni. Da muka juyo layi na gaba sai ga farin kuma, amma ya ɗan gusa arewa. A na uku ya koma kudu.

Parlin ya ce, "Kumfa ce. Jirgin nan yana shigar da kumfa ƙarƙashin na'ura in ka karkata."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ka dubi layin da na ja a kwamfutarka, in ka ga inda ya karkace ko da faɗin tafin hannu, ka zo ka karɓi sitiyarin."

Bu Ningrum, wadda tun ɗazu take tsaye bayanmu, ta ce, "Pak Bahrum, ci gaba yadda kake yi. Parlin, kar ka goge komai."

Muka ja layi tara. Kowanne da farinsa. Da azahar muka kashe inji, muka yi salla, aka buɗe shinkafa da ƙyafaffen kifin da Maznah ta ɗauro mana. Bu Ningrum ba ta ci ba. Ta sa Parlin ya jera layukan tara a fuskar kwamfuta gefe da gefe, ta sa ɗan yatsa a kan farin farko, ta ja shi a hankali zuwa na biyu, zuwa na uku. Yatsan ya lanƙwasa dama, ya dawo hagu, ya sake lanƙwasawa, kamar sawun maciji a kan rairayi. Kumfa ba ta yin haka. Parlin ya ajiye cokalinsa, ya juyo ya ce, "Bang, ka yafe ni." Na ce ya wuce.

Duk wannan abin Tok bai shigo ɗakin tuƙi ba. Tun farin farko na lura ya daina tsokanar kowa, yana ta duban bayanmu, ya dubi ƙololuwar Ranai, ya dubi tsibirin Senua, ya runtse ido ɗaya. Yanzu sai ya taso, yana dafa bango, ya ce, "Bahrum, mai da ni kan na ukun nan."

Na tayar da inji na mai da shi. Ya tsaya ya daidaita dutsen da wutsiyar tsibirin da babban yatsansa, ya daɗe a haka.

"Kai ni na shida."

Na kai shi. Sannan na tara. A nan ya zauna a kan akwatin ƙanƙara.

Ya ce, "Waɗannan ukun nawa ne. Ramukan jan kifi ne. Ubana ya nuna mini su, shi ma ubansa ya nuna masa."

Sai a lokacin na gane inda mutumin nan yake ɓacewa a da, ya fita shi kaɗai ya dawo jirgi cike da jan kifi manya, a ranar da kowa ya dawo hannu rabbana. Na ce, "Ayah! Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarka, ba ka taɓa nuna mini ko ɗaya ba!"

Ya ce, "Na ba ka 'yar, sai kuma in haɗa maka da kifin?"

Parlin ya tuntsire da dariya, amma Tok bai yi ba. Idonsa yana kan kwamfuta, a kan layin nan mai lanƙwasa. Ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Mu a saninmu ramuka uku ne, kowanne daban. Kowanne da sunansa. Ashe abu ɗaya ne." Ya ɗago ya dubi Bu Ningrum. "Bu, mene ne?"

Ta ce, "Ina da zato, Tok, amma ba zan faɗa ba sai na riƙe abin da ke ƙasan a hannuna."

Muka saki bakin kada. Na farko ya hawo a buɗe, ba komai, wani dutse ya tokare masa muƙamuƙi ya zubar da kayan a hanya. Muka sake saki. Da ya hawo na biyu, nauyinsa ma daban ne a hannu. Parlin ya buɗe shi a kan faranti, sai muka ji ƙara, ƙwal ƙwal ƙwal, irin wadda laka ba ta yi.

Tsakuwa ce. Ba irin ɓarɓashin murjani mai kaifi da muka saba gani ba. Duwatsu ne mulmulallu, sumul, wasu kamar ƙwan tattabara, wasu kamar ƙwan agwagwa. Na ɗauki ɗaya na wanke a bokiti, na goge abin da ya manne a bayansa da farce. Fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi. Na san dutsen nan. Irinsa ne cike a rafin da ke bayan gonar kanumfarin mahaifiyata a gindin Ranai, da irinsa muke jifan birai muna yara.

Tok ya juya nasa a tafin hannu ya ce, "Wannan ba ɗan teku ba ne."

Bu Ningrum ta durƙusa gaban farantin. Ta ce, "Ba abin da ke mulmula dutse haka sai ruwa mai gudu, shekara da shekaru. A zurfin nan kuwa igiyar ruwa ba ta isa ta motsa dutse kamar wannan ba. Tok, ramukanka ba ramuka ba ne. Kwanar kogi ne. Kogi ne a ƙasanmu."

Na ce, "Kogi a cikin teku, Bu?"

"Lokacin da yake gudu babu teku a nan. An yi wani zamani, fiye da shekara dubu goma da suka wuce, da sanyi ya daskarar da ruwa mai yawa a can ƙarshen duniya, teku ta ja baya, ta sauka fiye da mita ɗari. Duk inda idonka ya kai ɗin nan ƙasa ce busasshiya, da ciyawa, da itatuwa. Daga nan har babban tsibirin Kalimantan mutum da ƙafa zai je. Bunguran ba tsibiri ba ne a lokacin, dutse ne tsaye a tsakiyar fili, ruwa yana gangarowa daga kansa. Mun san da manyan kogunan zamanin a littafi. Wannan ƙaramin kuwa ban taɓa ganin wanda ya zana shi ba."

Inji a kashe yake, ba ka jin komai sai ruwa yana lasar cikin jirgi. Na tashi na fita na tsaya a gefe. Gabas ruwa, arewa ruwa, kudu ruwa, shuɗi har inda ya haɗu da sama. Na dubi ƙasa tsakanin ƙafafuna, na yi lissafi a raina, mita sittin, wato bishiyar kwakwa uku a ɗora bisa juna. Ke nan inda jirgina yake zaune sararin sama ne a da. Nan ne shaho yake shawagi yana leƙen bakin kogi. Shekara ashirin da shida ina yawo a hanyar tsuntsaye ban sani ba. Sai na ji jiri irin na wanda ya hau dogon itace ya dubi ƙasa, ni da ban taɓa jin jiri a teku ba, har sai da na kama igiyar rumfa. A bayana na ji Tok yana ta maimaita subhanallahi, ƙasa ƙasa.

A hanyar komawa gida ya kira Bu Ningrum gefe, amma ina jin su ta taga.

Ya ce, "Wannan taswirar taku, wa zai gan ta?"

"Ofishi. Daga baya kuma duk wanda ya nema."

"To kin kashe wurin ke nan. Manyan jiragen nan in suka sani, wata guda ya ishe su su share shi tas."

Ta ce, "Tok, ba zan yi maka ƙarya ba. Takarda ba ta zaɓar mai karanta ta. Amma in na goge farin nan, wurin zai fito shuɗi, laka. Laka kuwa ita za a ba masu jan koma. Zuwa yanzu sa'a ce ta tsare maka shi, ba su bi ta kansa ba ne kawai. In na zana shi, ina da abin da zan tsaya a kai in ce kar a taɓa. Ban ce za su saurare ni ba."

Tok ya koma gaban jirgi ya zauna. Da muka ɗaure jirgi ya ɗauki igiyarsa ya tafi, ko sallama bai yi mana ba.

Washegari da safe na zo na tarar da shi ya riga kowa, yana zaune a gaba yana shan kofi. Da sauran suka iso ya ce, "Akwai na huɗu. Shi ne babba. Ko ƙanena da muka fito ciki ɗaya ya rasu bai san shi ba. Parlin, rufe abarka, ni zan ja."

Parlin ya kife kwamfutar. Awa uku muna tafiya arewa maso gabas, Tok yana nuna mini da hannu kawai, ɗan dama, ɗan hagu, idonsa a kan Ranai da ya kusa nutsewa. Can ya ɗaga hannu. "Nan."

Parlin ya buɗe. Muka ratsa wurin sau shida, kowace ratsawa farin yana ƙara faɗi, har ya kai mita ɗari huɗu. Da aka jera layukan sai ga shi ƙarara, ko ni da ban yi karatun abin ba na gani: kogin da muka biyo jiya ya taho daga yamma, wani ya taho daga kudu, sun haɗu a ƙarƙashin jirgina sun zama ɗaya, sun nufi gabas.

Parlin ya cire hularsa ya dafe kai. Ya ce, "Tok, kakanka da dalma da sabulu ya gano mahaɗar koguna biyu a cikin wannan uban ruwa?"

Tok ya ce, "Shi kifi ya nema."

A nan Bu Ningrum ta sa muka saki bakin kada a gefen kwarin, inda ta ce gaɓa ce. Ya hawo da baƙar ƙasa mai danƙo, ba irin lakar teku mai toka-toka ba. Da Parlin ya fasa ta da wuƙa sai wari ya bugo mu, warin fadama sak, irin na bayan ruwan sama. A ciki akwai saiwoyi sirara kamar gashi, da guntun itace mai tsawon ɗan yatsa, baƙi ƙirin, amma zanen jikinsa yana nan. Bu Ningrum ta ɗora mini shi a tafin hannu kafin ta sa a leda. Laushi gare shi kamar dafaffen rogo. Na tsaya ina kallonsa, ina tunanin wata rana da ya yi ganye, iska ta kaɗa shi, wani abu mai rai ya sha inuwarsa, tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Natuna.

Sannan muka zura kamara da fitila a igiya. Muka taru mu huɗu a gaban kwamfuta, kawunanmu suna gogar juna. Da farko shuɗi ne, sai ya koma duhu-duhu, wasu 'yan fararen abubuwa suna wucewa kamar ƙura. Sai ƙasa ta taso mana. Tsakuwa shimfiɗe, a kanta kuma wasu tsirrai na teku jajaye da ruwan ɗorawa, masu faɗi kamar mafici, wasu sun kai tsayin mutum, duk sun karkata gefe guda. Soso manya kamar randa. Tsakaninsu jan kifi, ba goma ba, ba hamsin ba, sun jeru sun tsaya cak a cikin ruwa, kowanne ya fuskanci yamma, inda kogin ya fito.

Na ce, "Me suke kallo?"

Bu Ningrum ta ce, "Ruwa suke fuskanta. Har yanzu in teku tana ja, kwarin nan take bi. Shi ya sa laka ba ta rufe tsakuwar ba, shi ya sa waɗannan suka sami wurin kamawa, kifi kuma ya sami gida."

Tok ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Shekara hamsin yana zura ƙugiya a wurin nan, bai taɓa ganinsa ba sai yau. Hawaye ya gangaro masa ta cikin tamojin fuska, bai share ba, mu ma muka yi kamar ba mu gani ba. Da wani ƙaton kifi ya zo ya leƙi fitilar, ya cika fuskar kwamfutar da ido, sai ya ce, "Kai, uban wa kake kallo? Kakanninka na ci." Muka yi dariya har Parlin ya ƙware.

Sauran kwanakin muka ƙarasa layukan da aka aiko su yi. Parlin ya koya wa na'urarsa sabon abin, ya ba shi launin kore, ya rubuta masa suna tsakuwar kogi. A rana ta ƙarshe mun gama da wuri, Bu Ningrum ta ce, "Pak Bahrum, akwai mai?" Na ce akwai. Ta ce, "Mu hau kogin mu ga daga ina ya fito."

Muka bi shi zuwa yamma, ina ratsa shi dama da hagu kamar mai ɗinki, Parlin yana kira mini, "Ga shi! Ya gudu arewa, bi shi, Bang!" Zurfi yana raguwa, hamsin, arba'in da biyu, talatin. Koren yana ƙara sirancewa. Ranai yana ƙara girma a gabanmu har muka fara rarrabe itatuwan kanumfari a jikinsa. A mita goma sha takwas koren ya shige ƙarƙashin jan murjani, muka neme shi sama da ƙasa, ya ɓace. Na rage wuta, na ɗaga kai in ga inda hancin jirgi ya nufa.

Bakin rafin ƙauyenmu ne. Ɗan rafin nan da ko a damina bai wuce gwiwa ba, wanda muke tsallakewa ba ma ko tunaninsa. Ga mata can suna wanki a kan duwatsu, ga zannuwa a shanye.

Bu Ningrum ta ce ba za ta rantse shi ne ba, tunda murjani ya rufe tsakanin, sai an ƙara bincike. Tok ya ce ita ta ƙara, shi ya gama nasa.

Da muka sauka Maznah tana bakin gada. Na ba ta labari a tsaye, ina haɗa wannan da wancan. Ta saurara har na gama, sannan ta juya ga Bu Ningrum ta ce, "Bu, akwai mutane a lokacin? Sun sha ruwan kogin?"

Bu Ningrum ta ce, "Akwai mutane a wannan yanki na duniya a zamanin, wannan an sani. Ko sun zauna a bakin wannan kogin, ban sani ba. Amma da ni ce nake neman wurin zama, ga ruwa, ga kifi, ga dutse a bayana, da nan zan zauna."

Maznah ta daɗe tana kallon tekun. Ta ce, "Allah sarki. Ko wa suka bar wa wankinsu."

Taswirar ta fito bayan shekara ɗaya da rabi, da koren layi yana lanƙwasa a tsakiyar shuɗi. Aka hana jan koma a kansa da gefensa, aka bar masu ƙugiya. Ba zan ce dokar tana aiki kullum ba, mukan hango manyan jirage suna raɓawa in sun ga ba kowa. Asirin Tok kuwa ya tonu gaba ɗaya. Inda a da jirgi ɗaya ke zuwa, yanzu sai ka ƙirga goma sha biyar, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a shagon kofi sai ya ji mitar haka. Amma shi ne kuma yake zana wa masunta ramukan kogin da yatsa a kan tebur, yana faɗa musu sunan kowanne, yana zagin wanda ya manta.

Har maganarmu ta canza. Yanzu a gadar jirage sai ka ji mutum ya ce yau sama zai hau, wani ya ce shi mahaɗa za shi, wani ya ce jiya ya gangara kogi har ya daina ganin Ranai. Kwanan baya wani baƙo mai sayen kifi daga birnin Pontianak ya tsaya yana sauraronmu, ya dubi teku, ya dube mu, ya ce, "Wai wane kogi kuke ta magana?" Sai dukanmu muka nuna masa gabas.